Zanen Tsiraici a Jikin Kati Ba Ya Cin Wasa

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi tana kwanciya a Amurka da Turai tsakanin masu buga wasan katin nan da ake kira Magic: The Gathering. Gardamar a kan zane ce: hotunan mata rabi tsirara da ake samu a jikin wasu katuna, da waɗanda 'yan wasa ke bugawa da kuɗinsu a kan shimfiɗar teburi ko a bayan ledar da suke sa katin a ciki. Wasu na cewa ai ado ne kawai, wanda bai so ba ya kau da kai. Wasu na cewa abin ya wuce ado. Ni ina tare da na biyun, kuma hujjata daga cikin wasan na ɗauko ta. Zanen nan ba ya ƙara wa kati ƙarfi ko na anini, amma yana rage mutanen da za su yarda su zauna teburi ɗaya da kai. A wasan da ba ya yiwuwa sai da abokan zama, wannan faɗuwa ce tun kafin a raba kati.

Na san wani zai ce, "Haba malam, muna fama da kuɗin rajista da na firojet, ina ruwanmu da katin Turawa?" Wallahi da ruwanmu. Wasu a cikinmu sun taso suna kallon katun ɗin Yu-Gi-Oh!, yau kuma wasan katinsa yana waya da sunan Duel Links da Master Duel. Shi ma Magic ya shigo waya tun 2021 da sunan Arena. Ga kuma tallan wasanni da ke faɗo maka a allo ba sallama, rabinsu da irin wannan zanen suke farautar yatsanka. Sannan a makarantar nan akwai masu karanta zane-zane da masu karanta kimiyyar kwamfuta, waɗanda gobe su ne za su ƙera mana namu wasannin. Gara mu san inda wasu suka yi tuntuɓe kafin mu bi hanyar.

Wane irin wasa ne wannan?

Wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro Magic, kamfanin Wizards of the Coast da ke jihar Washington ya fitar da shi a 1993, daga baya kamfanin Hasbro ya saye Wizards ɗin a 1999. Bambancinsa da Whot ɗin da muke bugawa a ɗakin kwana shi ne, a Whot kowa daga tuli ɗaya yake ja. A Magic kuwa kowa da nasa damin katin yake zuwa, wanda ya zauna ya tsara da kansa daga dubban katunan da aka buga. Ana saye, ana tarawa, ana musaya. Katunan sun kasu launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, kowane launi da irin salon faɗansa. Sunan wasan yana nufin sihiri, amma abin da ke cikinsa lissafi ne da tsimi da dabara.

A cikin hanyoyin buga shi akwai wadda ake kira Commander, kuma ita ce ta fi dacewa da maganarmu. Kamfani bai ƙirƙiro ta ba. Wasu 'yan wasa ne a jihar Alaska suka fara ta don nishaɗi, suna kiran ta Elder Dragon Highlander, sai wani alƙalin gasa mai suna Sheldon Menery, wanda ya rasu a 2023, ya gyara dokokin ya yaɗa ta. Da kamfanin ya ga ta karɓu, ya fara sayar da dami shiryayye domin ta a 2011.

Dokokin a taƙaice su ne: kati 100 cif, ba a maimaita kati sai katunan ƙasa na asali, waɗanda su ne ke ba ka ƙarfin saukar da sauran. Kati ɗaya shi ne kwamandanka, yana ajiye a gefe kowa na ganinsa, kuma launinsa ne ke iyakance abin da za ka sa a damin. Kowa yana farawa da rai 40. In kwamanda ɗaya ya yi maka ɓarnar maki 21 a fagen fama, ka fita ko da sauran rai. In aka kashe kwamandanka kana iya dawo da shi, amma duk dawowa sai farashinsa ya ƙaru da 2. Abu mafi muhimmanci: yawanci mutum huɗu ne ke zama, kowa tasa ta fisshe shi, kuma ba kofi ko kuɗi ake nema ba. Hira ce da dariya da wasa ƙwaƙwalwa na awa ɗaya ko biyu.

Abin da ke cin wasa

Masu karanta kididdiga, ga naku. Bayan an cire kwamanda, saura kati 99, kuma kati 7 ake ja a farko. Ke nan damar ka ga wani takamaiman kati a hannunka na farko ba ta wuce 7 cikin 99 ba, wato kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa wanda ya ɗora fatansa a kan kati ɗaya tal yake shan wuya. Gogaggu kan ba da shawarar a sa katunan ƙasa wajen 36 zuwa 38. In ka sa 37, a matsakaici za ka tashi da biyu da rabi da ɗan ɗoriya a hannun farko, abin da zai ishe ka ka fara motsi. Sauran guraben sai ka raba su tsakanin masu hanzarta maka ƙarfi, masu ja maka ƙarin kati, masu kawar da barazanar abokan karawa, da waɗanda za su ƙarasa maka wasan.

To duba katunan da kusan kowa ke so. Akwai Sol Ring: ka biya 1, shi kuma ya riƙa ba ka 2 a kowane zagaye. Hoton da ke jikinsa zobe ne kawai. Akwai Swords to Plowshares, wanda ma'anar sunansa mayar da takubba garmunan noma: da farashi 1 yake ɗauke duk wani dodo komai girmansa. Waɗannan su ne jakunan da ke ɗaukar kaya. Ba wanda ya taɓa cin wasa saboda matar da ke jikin katinsa ta bar kafaɗa a waje. Rubutun da ke ƙasan hoton shi ne doka, hoton kuma ko ka rufe shi da yatsa wasa zai ci gaba.

Amma akwai rabin dabarar da ba a rubuta a jikin kowane kati ba, wato siyasar teburi. Mutum uku ne a gabanka, ba za ka iya yaƙar su duka lokaci guda ba. Dole ka auna wa ya fi haɗari yanzu, ka ƙulla ƙawance na zagaye ɗaya, ka lallaɓa wani ya kashe makaminsa a kan wani. Wanda ya cika nuna isa da wuri shi ake taruwa a fara kayarwa. Wanda ya saɓa alkawari sau ɗaya, har wasa uku a gaba ba a manta masa ba. Ma'ana, jarinka mafi tsada a Commander shi ne yadda mutum ukun nan suke kallonka. To yanzu ka zo ka baza shimfiɗa mai hoton yarinya ba kaya a gaban mutane, ɗaya ta takura, ɗaya ya zo da ƙanensa ɗan shekara 13, ɗaya yana jin kunyar a gan shi a teburin. Ka kashe jarin da hannunka kafin ka sauke kati ɗaya. Kuma abin da ya fi faɗuwar yau ciwo shi ne mako mai zuwa a haɗu ba a kira ka ba, ko kuma ita wadda ta takura ta daina zuwa ba tare da ta ce uffan ba.

Daga ina zanen ya samo asali?

Ruwa ba ya tsami banza. Zanen almara na Amurka ya gaji wannan salo ne daga bangon littattafan jarumta masu araha. A shekarun 1960 Frank Frazetta ya yi suna da zana bangon littattafan Conan: ƙato mai damatsa, takobi a hannu, sau da yawa mace na kwance a gefen ƙafarsa. A 1973 kamfanin Marvel ya fito da jaruma Red Sonja, wadda daga baya aka san ta da wani guntun sulke da bai fi girman ɗan kamfai da rigar nono ba. Masu sayarwa sun ɗauka samari ne kaɗai kasuwarsu, sai suka yi ta zuba musu abin da suke zaton shi suke so.

Mu da muka san hawan salla ba sai an yi mana bayanin sulke ba. Mun ga 'yan sulke da 'yan lifidi a kan dawaki. Amfanin sulke shi ne ya tare ƙirji da ciki daga mashi da kibiya. Sulken da ya bar ciki da cinya a buɗe, alhali namijin da ke kusa da ita an lulluɓe shi da ƙarfe har wuya, yana gaya maka cewa mai zanen bai ɗauki matar a matsayin mayaƙiya ba. Don mai kallo aka tsayar da ita a wurin.

Magic ma bai tsira ba. A bugun farko na 1993 akwai kati mai suna Earthbind, da hoton wata aljana mai fuka-fuki an ɗaure ta cikin 'yan guntayen kaya. Katin kansa rarrauna ne, da wuya ka ga mai sa shi a dami don ya ci wasa, amma hoton ya sa har yau ana maganarsa. Da kamfanin ya sake buga katunan farko a 2022 don bikin cika shekara 30, Earthbind na cikin 'yan kaɗan ɗin da aka bari a baya. A 2012 kuma katin Triumph of Ferocity ya ta da ƙura, saboda ya nuna wani ƙaton jarumi ya danne wata matsafiya mai suna Liliana a jikin dutse, ya ɗaga dunƙulen hannu. Masu kare shi sun ce ai akwai ɗan uwan katin da ya nuna ita ce ta yi galaba a kansa. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya ga katin a teburi ba labarin ya karanta ba, hoton ya gani, kuma ga wasu mata hoton ya yi kama da abin da suka sani a zahiri.

A yi adalci, kamfanin ya sauya sosai. Jarumai mata irin su Elspeth yanzu da cikakken sulke ake zana su. Matsalar ta fi komawa hannun 'yan wasa, masu biyan a sake zana musu kati, ko su buga shimfiɗa da leda masu hoton katun na batsa. A gasar hukuma doka ta yarda a yi wa kati kwalliya, da sharaɗin kada ta ɓoye asalin katin, kada ta ƙunshi satar amsa, kada kuma ta zama hoto mai cin zarafi, kuma babban alƙali ne ke yanke hukunci. Amma Commander a falo da shago ake buga shi, ba alƙali. Nauyin ya dawo kan mutum huɗun da ke zaune.

Abin da masu kare zanen ke cewa

Hujjarsu ta farko: kati nawa ne, kuɗina ne, ina da 'yanci. Ba musu. Abin da ke cikin akwatinka naka ne. Amma teburi na mutum huɗu ne, kuma shimfiɗa tana buɗe a idon kowa na tsawon awa biyu. Kamar rediyo ne a ɗakin da kuke kwana ku shida: naka ne, amma kunnuwan ba naka ba ne.

Ta biyu: ai almara ce, duniyar da dodanni ke aman wuta wa zai tsaya tambayar tsawon siket? Amsa ita ce, mu ne muka yarda da dodon saboda labarin yana bukatarsa. Tsiraicin kuwa labarin bai nema ba, ɗan kasuwa ne ya nema.

Ta uku: in aka taɓa zanen an lalata wasan. Wannan an riga an gwada. Kazuki Takahashi ya fara labarin Yu-Gi-Oh! a Japan a 1996, kamfanin Konami ya fitar da katin a 1999, ya isa Arewacin Amurka a 2002. Wajen fitar da shi ƙasashen waje an gyara hotuna da dama: an ƙara wa Harpie Lady sutura, an rage abin da Dark Magician Girl ke nunawa, an sauya wasu alamomin addini da bindigogi. Magoya baya sun yi ta ƙorafi, har yau ma wasu na yi. Amma ƙarfin katin bai ragu da maki ɗaya ba, gasa ba ta tsaya ba, wasan ya ci gaba da cika duniya.

Shi kansa kamfanin Magic ya amsa cewa hoto da suna ba su da wani matsayi na ba-ruwanmu. A watan Yuni na 2020 ya haramta katuna 7 a dukkan gasanninsa saboda wariyar launin fata ko cin fuskar al'ada da addini, ciki har da Invoke Prejudice da Crusade da kuma wani mai suna Jihad. Duk wanda a cikinmu ya ji wani abu a ransa da ya karanta sunan nan na ƙarshe a jikin katin wasa, to ya ɗanɗana abin da 'yar uwarsa ke ji in ta ga an mayar da jikin mace kayan ado a teburi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Inda kuɗi ya shigo

Kada a fahimce ni baibai, zane yana da daraja. A 2019, a jerin War of the Spark, an fitar da wasu katuna 36 da zane na musamman a fakitin Japan. Na Liliana, wanda shahararren mai zane Yoshitaka Amano ya yi, ya yi tsada ninkin-ba-ninkin a kan na gama-gari, alhali aikinsu a wasa ɗaya ne sak. Wannan ba zanen batsa ba ne, gwaninta ce aka saya. Amma darasin a fili yake: hoto yana motsa farashi, ba ya motsa sakamako.

Masu ƙera wasannin waya sun haddace wannan darasin fiye da kowa. Da yawansu kyauta ake saukewa, sai a riƙa sayar maka da ƙuri'a: ka biya, ka ja, wataƙila jarumar da aka nuna maka a talla ta fito, wataƙila ba ta fito ba. Ka lura da kyau, a nan ba dabara ake sayar maka ba. Sha'awa aka ɗana a bakin tarko, a bayanta kuma abin da bai da maraba da caca. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin data da na abinci shi ne mafi rashin dacewa da wannan ciniki. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ga masu cewa a watsar da wasan gaba ɗaya

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda da sun ji kalmar kati sai su ce karta, da sun ga hoto ɗaya mara kyau sai su ce duk abin shara ne. Ban yarda da su ba. Wasan da ke tilasta maka lissafin yiwuwar abu, da tattalin abin hannu, da karanta fuskar mutum, da iya ɗaukar faɗuwa ba tare da zagi ba, yana koyar da abin da wani lokacin lakca ba ta koyarwa. Dara ma haka take, kuma ba wanda ya ce kakanninmu sun lalace don sun zauna gindin bishiya suna tura 'ya'yan dara. Whot da'ira ce da tauraro da alwatika da murabba'i da kuros, ba hoton kowa, amma ku duba yadda yake riƙe ɗaki guda har dare ya raba. Daɗin yana cikin karawar. A cire ƙazantar, a bar wasan.

To mu me ya rage mana?

'Yan Commander suna da wata al'ada da suke kira doka ta sifili. Kafin a fara, sai a yi 'yar magana: damin kowa yaya ƙarfinsa, wane irin wasa muke so yau, akwai abin da wani ba ya so? Minti biyu ne, amma yana hana rigimar awa biyu. Ina ganin wannan al'ada ta fi katin kansa cancantar mu ara. Duk inda muka taru a kan wasa, na kati ne ko na waya ko na ƙwallo a talabijin, abin da ke kan allo da abin da ke fita daga baki su ne ke yanke wa zai zauna, wa zai wuce.

Ɗan uwa, in ka ga abokinka ya sa irin wannan hoton a inda jama'a ke gani, ba sai ka tara masa mutane ba. Ja shi gefe ka ce, "Mutumina, sauya wannan mana." Yawanci a nan take ƙarewa. 'Yar uwa, in kin ga abin da ya takura ki, faɗar sa ba tsiwa ba ce, kujerar taki ce kamar ta kowa. Ƙungiyar ɗalibai kuma, duk ranar da za ta shirya gasar wasanni a makon ɗalibai, ta rubuta ƙa'idar hotuna da ta kalamai a takarda tun kafin ranar, ta kuma sa mata cikin masu shiryawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu zane da masu rubuta manhaja, kasuwa za ta zo ta raɗa muku cewa tsiraici ne ke sayarwa. Ku tuna Sol Ring zobe ne kawai, kuma ya fi Earthbind shiga dami nesa ba kusa ba. In kuna neman jaruma, ga Sarauniya Amina ta Zazzau nan tana jiran wanda zai zana ta da kwalkwali da sulken da zai iya tare mashi, ya kuma ba katinta dokar da za ta sa abokan karawa uku su gyara zama in ta sauka. Ranar da ɗayanku ya yi wannan, a ajiye mini kujera, zan zo da ƙanwata mu buga.